Saƙo Daga Arizona: Lagireton Alminiyam Ɗin Da Yaya Ya Ce In Aiko

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Saƙonka ya iso, har da hoton lagireton nan mai ƙyalli da aka ce bututansa layi huɗu ne. Ka ce in nemi irinsa in aiko maka tunda motarka ta fara zafi. Zan aiko in sha Allahu, amma ba na cikin hoton ba, kuma ina so ka ji dalili, domin na riga ka ɗanɗana wahalar wannan kaya.

Zafin Phoenix, birnin da nake zaune a jihar Arizona ta Amurka, ba ya raga wa mota. A bazarar 2023 sai da aka jera kwana 31 kullum zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye. Hanyar da ta tashi daga nan zuwa Flagstaff, wadda ake kira I-17, hawa ce daga kusan mita 330 har sama da mita 2,000. A kan wannan hawa tawa motar ta fara tururi. Da na sauka gefen titi na ɗaga bonet, sai ga tsaga siririya kamar silin gashi a tankin sama, dab da wuyan da tiyo yake shiga, ruwa yana tsartuwa ta nan yana faɗawa kan inji yana cuwwa. Robar tankin da na sani baƙa ta koma ruwan ƙasa, da na kankara ta da farce sai ta riƙa marmashewa.

Lagireton da kamfani yake sawa a yawancin motocin yanzu, cikinsa dama alminiyam ne. Tankunan nan biyu su ne na roba mai tauri, an lanƙwaso haƙoran alminiyam sun cije su, da gaskit a tsakani. Shekaru ana zafi ana hucewa, robar sai ta bushe ta tsage, ko gaskit ɗin ya saki. Wanda ake ce wa na alminiyam zalla, tankunansa ma alminiyam ne da aka yi wa walda, saboda haka wannan ciwon na tsagewar roba ya rabu da shi. Amfaninsa na gaskiya ke nan. Sauran abubuwan da masu talla suke jingina masa, sai an duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ni ban duba ba a karon farko. Na shiga intanet na zaɓi mai layi uku daga wani mai sayarwa, kaya ba sunan kamfani ko ɗaya a jikinsa. Da ya iso, kaurinsa ya sa murfin fanka ya ƙi zama, sai da muka yanke gefensa, ramukan kusoshi kuma biyu ba su dace ba. Bai cika wata biyar ba na fara ganin farin gari-gari a inda bututai suke shiga tanki. Ashe gam aka shafa a wurin maimakon haɗi na gaske, kuma gam ba ya jure miƙewa da tsukewar ƙarfe. Na koma neman mai sayarwar, shafin ma babu shi.

Wani dattijon bakanike da na kai wa motar ne ya buɗe mini ido. Ya ɗauko tsofaffin lagireto biyu da ya yanka gida biyu, ya ce in leƙa. Ɗaya layi huɗu ne na ƙananan bututai, kowanne faɗinsa bai fi rabin inci ba, da giɓi tsakanin layi da layi. Ɗayan layi biyu ne kacal, amma kowane bututu faɗinsa inci ɗaya. Zafi yana fita ne ta inda jikin bututu ya taɓa siraran ganyayyakin nan da iska take ratsawa, giɓin da ke tsakanin layuka kuwa ba ya aikin komai. Sannan iskar da ta wuce layi na farko ta riga ta ɗau zafi, kafin ta kai na huɗu ta zama ɗumi, ga kaurin yana tare ta, fanka yana shan wahalar jawo ta. A cunkoso, inda ba iskar gudu, a nan mai kauri yake ba da kunya. Shi ya sa na ce maka layi huɗun nan na hoto bai burge ni ba.

Jan ƙarfe ma ya fi alminiyam saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Abin da ya kayar da tsohon lagireton jan ƙarfe da tagulla shi ne dalmar da ake liƙa bututu da ganye da ita, wadda ba ta watsa zafi sosai, da kuma laushin ƙarfen da ba ya barin a faɗaɗa bututu sai an ƙara masa kauri da nauyi. Na alminiyam a tanderu ake haɗa cikinsa gaba ɗaya.

Kayan da ake samu a nan kashi uku ne. Akwai masu kwaikwayon na asali, tankin roba da cikin alminiyam, irin na Denso, wanda shi ne yake yi wa Toyota kaya da yawa tun daga masana'anta, da Nissens na Denmark da Valeo na Faransa. Akwai na alminiyam zalla daga kamfanonin da suke sa sunansu a jikin kaya, irin Koyorad na Japan, da CSF da Griffin da Mishimoto na nan Amurka. Sai na ukun, marasa suna, irin wanda ya cuce ni. Ra'ayina, Yaya, motar zuwa aiki da kai yara makaranta, wadda ba a taɓa injinta ba, na kashi na farko mai kyau ya ishe ta shekaru. Na alminiyam zalla ya fi cancanta ga mai jan kaya, ko mai hawa tsaunuka da lodi, ko wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, ko wanda tankin roba ya tsage masa har sau biyu ya gaji.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda ake sayar da kayan. Ba a ɗaga tsoho a gwada da sabo da ido. Lambar nan ta jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 ake bugawa a kwamfuta, ta fito da shekara da girman inji da irin giya. Manyan shagunan kayan mota kamar AutoZone da O'Reilly suna ba da aron famfon gwada matsi: ka ajiye kuɗin jingina, ka je ka hura wa lagiretonka iska ka ga inda yake yoyo, ka mayar da famfon a mayar maka da kuɗinka. Akwai garanti a rubuce, wasu kamfanonin har na tsawon rayuwar kayan. Sai dai garantin nan ba zai tsallaka teku ya same ka cikin sauƙi ba, don haka dole in zaɓa maka wanda ba zai buƙace shi ba.

Irin giyar motarka ma tana cikin lissafi. Idan mai canza kanta ce, sau da yawa akwai ƙaramin bututu a cikin tankin lagireto da man giya yake bi ya huce. Wasu na alminiyam zalla an yi su ne don giyar hannu, ba su da shi. Idan kuma yana nan amma na banza ne ya fashe, ruwa ya shiga man giya, asarar ta wuce ta lagireto.

Bayan an ɗaura shi, alminiyam yana da abokan gaba biyu. Na farko ruwan famfo zalla, wanda yake barin ƙanzo a bututu yana cin ƙarfen. A sa ruwan lagireto irin wanda littafin motar ya ce, rabi da rabi da tataccen ruwa, kada a gauraya iri biyu. Wannan haɗin da marfi mai matsin fam 15 ba ya tafasa sai wajen digiri 129. Kada kuma a sa marfin da ya fi na asali matsi, domin tiyo da hita su za su biya. Na biyu wutar da take ɓacewa ta bi cikin ruwa idan wayar da ta haɗa batir da jikin mota ta yi sako-sako. A tsoma kai ɗaya na mitar awon wuta a ruwan, ɗaya kan a ƙafar batir mara wuta, idan ta nuna sama da bolt 0.3 to a gyara waya tukuna, in ba haka ba sabon ma zai huje.

Kafin in biya kuɗin komai, ka sa bakanikenka ya duba ko fanka tana tashi a kan lokaci, ko tamostat (bawul ɗin da yake buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi) yana buɗewa, ko famfon ruwa yana turawa, ko kuma akwai kumfa tana tasowa a wuyan lagireto idan inji yana aiki, wanda alama ce ta gaskit ɗin kan inji. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne, duk lagireton da na aiko motar za ta ci gaba da zafi. Sannan ka turo mini lambar jikin motar, da hoton tsohon lagireton gaba da baya, da awon tsayinsa da faɗinsa da kaurinsa, da tazarar da ke tsakaninsa da fanka. Ka gaishe mini da Umma da yara.