Gidan kallon ƙwallo na bayan tashar moto: hoto tangaran, amma a sassauta mana da tafin aro

Wani abokina da aka maido shi aiki Garwa daga Marwa ya tambaye ni inda zai riƙa kallon maci, to maimakon in yi ta maimaita magana ɗaya ga kowa gara in rubuta a nan kowa ya gani. Ba zan kira sunan gidan ba, duk ɗan kartiyenmu ya san shi, rumfar kwano ce mai shuɗin fenti bayan inda 'yan moto suke tsayawa, da baƙin allo a bakin ƙofa da ake rubuta wasannin ranar da alli. Tun kafin CAN ɗin, gasar kofin Afirka, da aka yi a nan Kamaru nake zuwa wurin, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne.

Kuɗin shiga dai babu tsada, sefa 100 wasan lig, 200 daren Champions League, in Real da Barca ne ko fainal sai Alhaji mai gidan ya ɗaga zuwa 300, kuma ko ka yi magana murmushi kawai zai yi maka ya ce ai abonoma ba kyauta ake ba shi ba. Tele biyu ne, babba a tsakiya, ƙarama a gefen hagu don ranar da wasa biyu suka haɗu lokaci ɗaya. Hoton babbar wallahi tangaran, har zufan goshin ɗan wasa kana gani. Abin da ya fi burge ni kuma gurup ɗinsa, in wuta ta ɗauke ba a minti biyu yaron ya tayar da shi, kuma mu da muka sha kallon fanareti ana shirin bugawa duhu ya rufe mu a wasu gidajen mun san darajar wannan. Benci ne na katako, sai kujerun roba layi biyu a gaba da ake ƙara sefa 50. Zafi kam sai haƙuri, watan uku da na huɗu in rana ta gasa kwanon nan fanka huɗun da ke sama iska mai zafi kawai suke juyawa, kana fitowa riga ta manne maka a baya. Akwai mai shayi a bakin ƙofa, da yarinya mai folere mai sanyi a kula, mai soya kuma yana tsallaken hanya. A baya an shimfiɗa tabarma da butoci, saboda wasan Ingila na Asabar da yamma kullum sai ya ci karo da la'asar ko magariba, wannan kam Allah ya saka wa Alhaji.

To amma abin da ya sa na zauna rubutun nan ba tele ba ne, hayaniyar gidan ce.

Ɗan Alhaji da yake karatu a Ngaundare, tun da ya dawo hutu da wayarsa cike da bidiyon magoya bayan Turai ya ɗauki wa kansa sarautar sarkin tafi. Ya samo jarkar mai rawaya ta lita 20 da sanda, ya tara samari wajen goma a bencin baya, wai su ne "ultra" na gidan. Abin da suka fara kawowa shi ne tafin nan na mutanen Ayislan. Kowa ya ɗaga hannu sama ya ware, a yi tsit, sai a doki jarka dum dum, a tafa sau ɗaya a ce HUU, a sake yin shiru, a sake, a riƙa matso da shi da sauri da sauri har ya rikiɗe ya zama ruwan tafi. Ranar farko dariya na yi har da riƙe ciki, domin rabin mutane sun tafa kafin jarka rabi bayan jarka, wani dattijo kusa da ni ya juyo ya ce ɗana lafiya, wa aka kama? Amma ba zan ɓoye ba, bayan sati uku da suka gwanance, ranar da mutum wajen saba'in suka yi shi tare a ƙarƙashin kwano, sai da tsigar jikina ta tashi. Shirun da ke tsakanin tafi da tafi shi ne sirrin abin, kuma mu ba mu saba da shiru a wurin ƙwallo ba sam.

An sha musu a kan tafin nan a teburin mai shayi. Kawu, wani tsohon direban babbar mota da ba ya fashin zuwa, shi cewa yake yi kwaikwayo ne na marasa aikin yi, me ya haɗa ɗan bakin Binuwai da mutanen ƙanƙara. Ni kuma na ce masa Kawu ai su ma masu abin aro suka yi. Duniya ta san tafin ne a gasar Turai ta 2016 a Faransa, lokacin da Ayislan, ƙasar da mutanenta kaf ba su kai 400,000 ba, ta fitar da Ingila da ci 2-1 a birnin Nis, 'yan wasa suka je gaban jama'arsu suka yi shi tare. Amma magoya bayan wani kulob ɗin Ayislan mai suna Stjarnan ne suka gano shi wurin 'yan Motherwell na Sikotilan da suka je wasa can a 2014, suka ɗauko suka kai gida. Faransawa ma kafin a gama gasar sun karɓe shi, a Katar 2022 kuma 'yan Maroko suka yi ta yin sa har suka kai wasan kusa da na ƙarshe, su kuma sun sa masa kalmarsu ta Larabci a wurin HUU. Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce to kun ga su sun sa masa nasu, ku me kuka sa? Gaskiya ban samu amsa ba a lokacin, kuma har yau maganar tana min yawo a kai.

Wanda ya ba ni haushi na gaske shi ne na juya baya. Wannan na 'yan Lech Poznan ne na Folan, 'yan Manchester City suka kwaso shi bayan sun haɗu a Europa a 2010, mutane su juya wa fili baya su dafa kafaɗun juna su yi ta tsalle. A can filin wasa ne, an ci ƙwallo, ana murna, ba abin da ya dame su. Mu kuwa a nan mun biya sefa 200 ne don mu kalli allo. Wani dare ana cikin wasa mai zafi ƙungiyar da samarin ke so ta ci, sai suka miƙe a tsakiyar rumfa suka juya baya suka sarƙe hannu, suka tare wa layi uku kallo, ana ta ku zauna ku zauna, kafin su juyo ɗaya ƙungiyar ta farke. Ba su gani ba, mu ma da ke bayansu ba mu gani ba, sai ihun 'yan gaba muka ji. Benci ɗaya ya karye a daren, ƙusa ta yagi wandon wani bawan Allah. Na samu yaron bayan an tashi na ce ƙanena, wanda ya zo kallo ya juya wa tele ƙeya ai ya yi asarar kuɗinsa, ka bar wannan. Ya ce Yaya ai haka ake yi a Etihad, filin Manchester City. Na ce to nan Etihad ne?

Ola ma sun gwada, wannan igiyar da ake miƙewa layi layi tana zagaya fili, wadda ta yi suna a gasar duniya ta Meziko a 1986. Abin yana son fili mai zagaye irin Rumde Ajiya da dubban mutane. A rumfa mai benci tara kafin ta tashi ta ƙare, abin da ta bari kawai tiren mai shayi da ya kife da kofi shida. Sau biyu aka yi aka bari.

Vuvuzela kuwa, ƙahon robar nan da ake busawa, don Allah Alhaji in kana karantawa ka hana. Tun 2010 da Afirka ta Kudu ta cika wa duniya kunne da ita, hukumar ƙwallon Turai ma hana shiga da ita filayenta ta yi, kuma can sarari ne a buɗe. Ka yi tunanin guda uku a cikin akwatin kwano, a bayan kunnenka. Na koma gida ranar kunnena yana ƙugi har asuba, uwargida tana magana ina cewa na'am? na'am? ta zaci raini ne. Na yara ƙanana da ke tsalle su juya su dira su ce siuuu irin na Ronaldo ba ya damuna, wannan ko a layinmu in yaro ya ci ƙwallon tsumma shi yake yi, har wanda bai iya ɗaura wando ba.

Abin da nake so samarin nan su tuna, mu fa ba baƙi ba ne a harkar nan, mu ma an ara a wurinmu. Ina ɗan shekara takwas a 1990, a tsakar gidan maƙwabcinmu muka kalli Kamaru ta doke Ajantina mai riƙe da kofin duniya 1-0 a Milan, Omam-Biyik ya sa da ka. Sannan Roger Milla yana da shekara 38 ya ci ƙwallo huɗu a gasar, yana ci sai ya ruga wajen tutar kwana ya ɗora hannu a ciki ya karkaɗa ƙugu. Muka kai kwata fainal, Ingila ta fitar da mu 3-2 da fanareti biyu na Lineker, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Daga wannan rawar ne 'yan wasa a ko'ina suka ga ashe ana iya cin ƙwallo a taka rawa, je ka duba yadda ake yi yanzu. Kuma da aka kawo rukunin Najeriya nan Garwa a Janairun 2022, da Masar da Sudan da Gini Bisau, wa ya manta yadda garin ya cika da 'yan uwanmu daga Yola da Mubi, da masu bushe-bushe da ganguna da ba sa gajiya minti casa'in? Ranar da Iheanacho ya ci Masar 1-0 kamar a Kano ake wasan. Ranar da Tunisiya ta fitar da su kuma a nan Rumde Ajiya, kasuwa ma sai da ta yi sanyi washegari. Babu wanda ya buƙaci a koya masa HUU a kwanakin nan.

Daren da ba zan manta ba a rumfar nan shi ne 2 ga Disamba 2022, Kamaru da Barazil a gasar duniya ta Katar. Samarin sun shirya tafinsu tun kafin a fara, an yi shi sau biyu kafin mitan, wato hutun rabin lokaci, lafiya lau. Ana cikin ƙarin lokaci, mutane har sun fara neman takalmansu, sai ga ƙwallo daga dama, Vincent Aboubakar, yaron da ya tashi a Coton Sport ɗinmu na nan, ya sa mata kai ta shige. Jama'a! Jarka ta yi nata wuri, ban san wanda ya taka ta ba. Wani ya ɗauke ni sama ban san shi ba, mai folere ta saki guɗa tun daga bakin ƙofa matan gidajen kusa suka amsa mata, 'yan moto suka danne oda gaba ɗaya, wani maroƙi da ke wucewa da kalangu a hammata ya faɗo ciki ba wanda ya tambaye shi kuɗin shiga. Abubakar ya tuɓe riga, alƙali ya ba shi hannu sannan ya ɗaga masa kati na biyu ya kore shi, mu ko a jikinmu. Sai ga Kawu, Kawun da ke cewa kwaikwayo aikin banza ne, ya je jikin ginshiƙin rumfa ya ɗora hannu a tumbi yana karkaɗa ƙugu irin na Milla, hularsa ta faɗi bai ma sani ba. Suwizalan ta ci Sabiya 3-2, an fitar da mu duk da haka, amma sai wajen sha ɗaya aka watse.

Da na tsokane shi washegari na ce Kawu ai rawar nan ma ba ta Garwa ba ce, daga kudu ta zo, sai ya ce kai tafi can, Milla ai namu ne.

Sauran abubuwan da ya kamata mai zuwa ya sani: in hadari ya taso da damina hoto yana daskarewa, wani lokaci minti biyar, ba laifin Alhaji ba ne amma ba a maido kuɗi. Bayan gida guda ɗaya ne kuma gara ka gama uzurinka daga gida. Akwai 'yan caca da ke zuwa da takardunsu a hannu suna zagin ɗan wasan da ya ɓata musu tikiti, su ne suka fi kowa tada rigima, ba ruwansu da wace ƙungiya ce ta ci. An hana sigari a ciki kuma ana bin dokar. Moto akwai yaro mai gadi, sefa 50, ban taɓa jin an ɗauke na kowa ba. Sharhi da Faransanci ne, amma Kawu yana fassarawa kyauta da Hausa da Fulatanci ko ba ka tambaye shi ba, har da abin da mai sharhin bai faɗa ba.

In don ni ne ina ba gidan huɗu cikin biyar, ɗayan vuvuzela da juya baya suka cinye shi. Tafin Ayislan a bar shi, na ma fara ɗaga hannu ni ma in ba wanda ya san ni a kusa, sai dai na ce wa yaron ya nemo mai kalangun nan ya ajiye jarka, ya ce zai yi magana da shi. Abokina, daren Champions League ka zo da rabin awa kafin a fara, ka zauna gefen hagu kusa da ƙofa inda iska ke ɗan shigowa, nesa da bencin baya, ka riƙe canji don Alhaji ba ya taɓa samun canjin jaka.