Sharhi: Kakar Wasa Guda a Hannun Jagoran Alƙalan Wasa

Bayan da na kammala kwas ɗin farko na alƙalancin ƙwallon ƙafa, ƙungiyar alƙalan wasa ta yankinmu ta sanya ni cikin wani tsari da ake haɗa sabon alƙali da dattijon da ya ajiye usur, domin ya riƙa bin sa fili yana duba aikinsa. Na yi kakar wasa guda a ƙarƙashin tsarin, kuma a ganina ya cancanci yabo, sai dai akwai wani ɓaraka a cikinsa da ke rage masa albarka.

Dokokin wasan guda 17 ne, waɗanda hukumar IFAB da aka kafa a shekarar 1886 ke kula da su, kuma duk mai himma zai iya haddace su cikin 'yan makonni. Abin da takarda ba ta iya koya mini ba shi ne inda zan tsaya a cikin fili. A wasana na farko, Baba, kamar yadda muke kiran jagoran namu, ya zauna a kan benci da ɗan littafinsa, bai ce mini uffan ba har aka tafi hutun rabin lokaci. Da na zo shan ruwa sai ya ce, "Ɗana, ƙwallo kake bi kamar ɗan wasa, shi ya sa kullum mai tuta yake bayanka." Ya ɗauki tsinke ya zana fili a ƙasa, ya ja layi a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya nuna mini yadda zan riƙa gudu a kansa ta yadda ƙwallo za ta kasance tsakanina da mataimakina mai tuta. Magana ɗaya ce tak ya yi, ya ajiye sauran gyare-gyaren har bayan an tashi, kuma daga baya na gane cewa da ya jero mini kurakurai goma a lokacin, da ban riƙe ko ɗaya ba.

Zaman bayan wasa shi ne ƙashin bayan tsarin. Baba ba ya fara da hukunci, tambayarsa kullum ita ce, "Me idonka ya gani?" Ranar da na bayar da bugun fenareti saboda ƙwallo ta taɓa hannun mai tsaron baya, ya sa na kwatanta masa da jikina yadda hannun yake, sannan muka buɗe doka ta 12, inda na tarar cewa ba kowace taɓawa ce laifi ba, sai an duba ko da gangan ne, ko kuwa ɗan wasan ya buɗe hannu fiye da yadda motsinsa ya buƙata. Ihun 'yan kallo ne ya busa mini usur a ranar, kuma ni da bakina na faɗi hakan. Haka nan da aka kawo sabuwar dokar kakar 2025/26, wadda ta ba mai tsaron gida daƙiƙa 8 na riƙe ƙwallo a hannu kafin a ba abokan hamayya bugun kusurwa, ya sa mu gwada ƙirga daƙiƙa 5 na ƙarshe da hannu a sama har muka saba.

Ɓangaren motsa jiki ba shi da laifi. Ana horar da mu a kan ma'aunin FIFA, wato gudun mita 40 sau 6, da gudun mita 75 haɗe da tafiyar mita 25 sau 40.

Matsalar ita ce, mutumin da ake so ka buɗe wa cikinka shi ne kuma yake rubuta makin da za a duba wajen ƙara maka matsayi. Na ga abokan karatuna suna ɓoye kuskuren da jagora bai lura da shi ba, ni ma na taɓa yin shiru a kan satar gidan da na san ta wuce ni, don tsoron kada ta shiga rahoto. Ga shi kuma masu koyo sun yi wa jagora ɗaya yawa, kuma tun da ba a ba shi kuɗin mota, wasannin ƙauye, inda babu shinge tsakanin fili da 'yan kallo, kuma inda sabon alƙali ya fi buƙatar mai dafa masa, su ne ba ya samun halarta.

Duk da haka na sake ba da sunana domin kaka mai zuwa, kuma ina ba duk wanda ya karɓi usur kwanan nan shawarar ya shiga. A takardar jin ra'ayi da aka raba mana na roƙi a bar mini Baba a matsayin jagora, a ɗora wa wani alhakin bayar da maki.