Manhajar bayoloji da na saya wa 'yata: ta burge ni, amma ta cinye min data

Wata uku ke nan da na biya wa 'yata, 'yar aji biyu a babbar sakandare, kuɗin manhajar nan ta darussan bayoloji a waya, don shirin WAEC da JAMB. Na ɗauka hadda ce kawai za a ƙara mata.

Ranar wata Juma'a gwaggonta ta zo, muna hirar wata maƙwabciya da ita da mijinta duk AS ne, ɗansu na fari ya zo da sikila. Gwaggo ta ce ai tunda ɗaya cikin huɗu ne, ukun da za su biyo baya sun tsira. Yarinyar da ba ta sa baki a maganar manya sai ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba haka lissafin yake ba." Ta ɗauko takarda ta zana gida huɗu: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ta ce kowane ciki da nasa lissafin, na biyu bai san abin da na farko ya zo da shi ba, duka huɗun ma suna iya zuwa SS. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Da dare na tambaye ta inda ta samo wannan. Ashe manhajar ba ta ba da amsa kai tsaye. Sai da ta sa ta maimaita gwajin Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gadon halitta, na barbarar waken Turawa (peas) a allon waya, ta ga a 'ya'ya kaɗan ba a cika samun rabon uku da ɗaya (uku masu kama iri ɗaya, ɗaya daban) daidai ba, sai sun yi yawa. Sau biyu tana kuskure, ana sake jefo mata wata tambayar har ta gano da kanta.

To amma fa data! Bidiyon ba ya sauka a waya, kullum sai an buɗe intanet. Giga biyu ba ta kai mu mako. Ran da netiwok ya yanke tana tsakiyar darasin zagayawar jini, duk aikin da ta yi ya goge. Na tura ƙorafi sau uku, ko gaisuwa ba a amsa min ba. Ga Turancin mai bayanin da sauri, ga misalan tsirran da ba ta taɓa gani ba, babu kuka, babu dogonyaro, babu gero.

Kuɗin zai ƙare ƙarshen wata. Ita kullum, "Umma, a sabunta." Ni kuwa sai sun amsa saƙona tukuna.