Kwamfutar da na saya wa Kawu a Garwa, bayan wata takwas

Da Kawu ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya kama wani ɗan shago kusa da babbar kasuwar Garwa yana buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, takardar cinikin fili, katin gayyatar biki. Wata rana ya kira ni ya miƙo mini sefa dubu 200 a cikin ambulan, ya ce, "Ɗana, ka nemo mini kwamfuta, amma wadda ba za ta riga ni mutuwa ba."

Shi ta tafi-da-gidanka yake so, don ita yake gani a hannun yara. Na ce masa, "Kawu, ku yi haƙuri, shagonku ba yawo yake yi ba." Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura 40, batirin laftof kuwa ba ya shiri da zafi, kuma da yawa daga cikin sababbi an liƙe musu RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a jikin babban allon da ke cikinsu, ba ƙari ba ragi. Ta kan tebur na nufa, irin ta ofis da ake saukewa a Duwala bayan Turawa sun gama da ita.

Na tsaya a kan Dell OptiPlex 7060, mai dogon akwati, da Core i5-8500 a ciki. Lambar 8 ɗin nan, mai nuna ƙarnin ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ta sa na ƙi wata 7050 da mai shagon kwamfutocin ya yi ta tura mini da rangwamen dubu 20. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma kusan duk sai daga ƙarni na 8 na Intel take karɓa a hukumance. 7050 a ƙarni na 7 ta tsaya. Araha ce irin wadda Hausawa suka ce ba ta ado.

Dubu 125 na biya da allon kallo, bayan ciniki mai tsawo. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda cikinta yake buɗuwa ba wahala. Ramukan RAM huɗu ne, tana ɗaukar har giga 64, ga kuma gurbin M.2 na saka SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. Da giga 8 ta zo, da tsohon faifai mai juyawa wanda sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta farka. Nan take na sayi SSD mai giga 256 na ɗora Windows a kai, tsohon faifan na bar shi ya zama rumbun ajiyar takardu. Yanzu kafin Kawu ya gyara zaman tabarau ta riga ta buɗe. A duk abin da na kashe, babu kuɗin da ya yi albarka kamar na SSD ɗin nan.

Sauran kuɗin na zuba a UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, kuma a nan muka ɗan yi ja-in-ja. Kawu ya ce ai wannan ɓarna ce, gara a ƙara a sayi firinta mai kala. Amma duk wanda ke arewa ya san wutarmu ta dogara sosai ga madatsar ruwan Lagdo, idan rani ya yi nisa sai a hankali. Ɗaukewar ma da sauƙi, dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona kaya. Ranar da aka ɗauke yana tsakiyar takardar rabon gado mai shafi tara, ya samu ya adana kafin ya kashe, da yamma ya kira ni yana ta sa albarka. Bai dai ce ni na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Akwai abin da ya ɓata mini rai. Mai shagon ya rantse cewa an duba komai, amma sati biyu da saye sai kwamfutar ta fara mance kwanan wata, intanet ya ƙi buɗuwa. Ashe ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta, CR2032, ya mutu. Kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba, amma da ba ni kusa da Kawu ya kai ta wurin mai gyara an yanke shi. Sannan madannin da aka haɗa mana QWERTY ne, alhali takardun Kawu kusan duka da Faransanci suke, yana ta laluben é da ç. Dole na koma na canzo AZERTY, sai da na ɗaga murya kafin a karɓa.

Wanda ke son ta don wasannin zamani ya sani tana da iyaka. Akwatin wutarta wat 260 ne, kuma ba irin na gama-gari ba ne da za ka cire ka sa kowanne. Katin hoto sai ƙarami wanda ke shan wuta daga raminsa kawai, kamar GTX 1650 maras buƙatar ƙarin waya. Jikan Kawu ya riga ya fara zagaye yana tambaya, na ce ya ci jarrabawar BEPC tukuna.

Ƙura kuwa, lokacin hunturu ba ta raga wa kowa. Wata uku na buɗe na tarar fankar ta yi gemu. Yanzu duk ƙarshen wata nakan je da abin hura iska, Kawu kuma ya sa an ɗinka mata riga da ragowar shadda, yana lulluɓe ta in zai rufe shago.

A watan jiya na ƙara mata RAM giga 8 ta zama 16, don ya fara haɗa kalanda da hotunan biki. Shi da kansa ya danna ta a ramin ina nuna masa, hannunsa na rawa, har ta yi ƙas. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "To sauran ramuka biyun fa, nawa za su ci?"