Gargaɗi ga masu mashin a Kaduna: a kula da mai tallan safar hannu "ta Italiya"

Salam jama'a. Dan Allah duk mai hawa mashin ko mai ɗan uwa da ke hawa ya tsaya ya karanta, ni dai ta faru da ni kuma har yau tafin hannuna na dama bai gama warkewa ba.

Kullum daga Rigasa nake tasowa zuwa wajen aiki a Kakuri, to da hunturu ya shigo sanyin asuba sai ya sa yatsu su ƙage, ka kama birki ka ji kamar hannun ba naka ba. Ina cikin neman safar hannu mai kyau sai ga talla a Facebook, wani bawan Allah ya sa bidiyo yana juya safa yana cewa fatar akuya ce zalla, ta Alpinestars, kamfanin Italiya mai yin kayan masu babur, wai kwantena ta sauka a Legas yana so ya rabu da kayan kafin ƙarshen wata. Ta cikin bidiyon kam gangariya ce, ko makaho ya shafa ya san fata ce. Muka koma WhatsApp, mutum mai ladabi wallahi, komai "ranka ya daɗe", komai "in sha Allahu Alhaji", ni da ko Abuja ban cika zuwa ba balle Makka. Ya ce 18,000, in tura rabi, sauran in kaya sun iso. Na tura. Washegari ya ce direba ya ƙi karɓar waybil sai an cika kuɗin, in ƙara 3,000 na mota. Na cika, tunda an riga an shiga ruwa.

Abin da ya sa wannan damfarar ta fi ta kullum sharri shine yana turo kayan. Da ya cinye kuɗin ya gudu da na huta. Na je tashar Kawo na karɓi ƙullin, safa baƙa tana sheƙi, ga tambari, ga wani tauri a saman gaɓoɓin yatsu, na yi ta murna har da yi masa godiya.

Sati biyu da 'yan kwanaki, da safe, yashi ya kwashe min tayar gaba a wata kwana kafin in hau titin Nnamdi Azikiwe, kuma ba gudu nake ba. Kowa ya sani in za ka faɗi hannu kake fara kaiwa ƙasa. Tafin safar ya yage kamar takarda, ɗinkin gefen ƙaramin yatsa ya farke, ta hagu ma fita ta yi gaba ɗaya ta bar hannun saboda maɗaurin wuyan hannun ado ne kawai. Kwalta ta ci naman tafina, sai da aka zauna ana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya a kemis. Kwana goma da cokali nake cin tuwo.

Na kai ragowar wajen wani dattijo baduku a Kasuwar Barci, ya juya cikinta, ya kankara da farce, saman ya ɓare sai ga farin yadi a ƙasa. Ya ce "yaro wannan ai leda ce aka shafa a kan ƙyalle, fata in ka juya bayanta gashi-gashi za ka gani, kuma tana da warinta." Taurin saman yatsun kuma ya matsa da babban yatsa ya tsage, irin robar bokiti ce.

Daga baya ne na san ta gaskiya akwai ƴar takarda ɗinke a ciki mai hoton mutum a kan babur, da CE (alamar cewa kaya sun cika ƙa'idar Turai), da lambar EN 13594:2015, ma'aunin Turai kenan na safar masu babur. Za ka ga 1 ko 2. Mai 1 sai ta jure gurza na daƙiƙa 4 a gwaji kafin ta huje, mai 2 daƙiƙa 8, in kuma an rubuta KP to an gwada kariyar gaɓoɓin yatsun. Tawa CE ne kawai aka buga a jikin ledar da aka naɗo ta. Amma fa masu jabu suna iya buga takardar ma, don haka ka haɗa da ido: tafin ya zama ninki biyu, ɗinki layi biyu a inda ake gurzuwa, in da hali a samu mai ɗan tauri a gindin tafi wanda zai sa hannun ya zame a kan kwalta maimakon ya cije, don in ya cije ne ƙashin wuyan hannu ke yawan karyewa. Ka sa ta, ka ɗaure, ka ce wani ya ja ta da ƙarfi daga yatsu, in ta fita ka ajiye musu kayansu. Sannan ka kama hannun mashin ka ji ko za ka iya murɗa totur da jan birki ba takura. Duk wannan ba ya yiwuwa ta bidiyo.

Da na tura masa hoton hannuna ya ce "Allah ya sawwaƙe Alhaji", minti biyar ya yi bulokin ɗina. Shafin ya ɓace, amma jiya wani abokina mai kai saƙo a Barnawa ya nuna min bidiyon nan dai, hannun nan dai mai zoben azurfa, da sabon suna, yanzu wai shagonsa a Kano yake, har ya ƙara da hular kwano. Sunan da ke kan akawun ɗin ma ba ɗaya ba ne da wanda ya faɗa min, tun lokacin na gani na share, wannan kam laifina ne.

Na kai ƙorafi banki da risit ɗin transfa da hotunan hirarmu, sun ce in dawo ranar Litinin. In akwai wanda ya tura masa kuɗi kwanan nan ya min magana ta inbos mu haɗa shaidar mu je tare.