Hajiya, sayi ruwan wanki mai enzayim, ki bar turaren soket tukuna

Hajiya, barka da yamma. Abubuwa biyun da kika tambaya a kansu saboda muzurunki mai fesa fitsari, wato turaren feromon na kwantar wa kyanwa hankali da ake cusawa a soket, da ruwan wanki mai enzayim, sinadarin da ke cinye ragowar fitsari, duka na saya da kuɗina, kuma ɗaya kawai zan sake saya. Ki sayi ruwan wankin.

Nawa muzurun, Toka, an yi masa fiɗiya tun yana wata bakwai, muka shekara biyu lafiya lau. Sai da hunturu ya shigo, kin dai san sanyin Jos, tagogi duk a rufe, da an buɗe falo sai zarni ya tarbi mutum. Ranar da na kama shi ina zaune ina tsintar shinkafa. Ya je gindin labulen taga, ya juya masa baya a tsaye, ya ɗaga wutsiya tana karkarwa, ya fesa ɗan kaɗan, ya wuce abinsa ko tona bai yi ba. Wanda fitsari ya matsa tsugunawa yake yi, ya yi da yawa, ya nemi rufewa. Wannan kuwa shaida yake sakawa cewa wurin nasa ne. Fiɗiya na hana yawancinsu, amma kusan ɗaya cikin goma sukan ci gaba, don haka kada ki ce likitan ne bai iya aiki ba. In kuma bai daɗe da yin aikin ba, ki ba shi makonni kaɗan.

Wata guda ina wanke wurin da sabulu da bilic, yana komawa daidai nan. Ashe hancina ne kawai na wanke wa, nasa hancin yana jin komai. Fitsarin kyanwa yana barin wani gishiri da ke maƙalewa a yadi da siminti, ruwa da sabulu ba sa narkar da shi sosai, da ya ji danshi sai warin ya taso. Shi kuma muzuru muddin yana jin tsohuwar shaidarsa ta fara dushewa, sai ya zo ya sabunta ta. Enzayim ɗin nan cinye abin yake yi gaba ɗaya, ba rufe shi da ƙamshi ba.

Ga yadda na yi. Da daddare na kashe fitila na haska falo da irin tocilar nan ta duba kuɗin jabu, fitsarin yakan yi haske a ƙarƙashinta. Ina tsammanin wuri ɗaya ne, sai ga huɗu, har da bayan kujera da gefen kwandon da nake ajiye sallaya. Wallahi ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na jiƙa kowane wuri sharkaf, na bar shi kamar minti 15, na danna da tsumma, na bar shi ya bushe da kansa, falo a kulle. Labulen sai da na maimaita sau uku. Da na buɗe masa ƙofa ya tafi kai tsaye gindin tagar, ya shinshina, ya daɗe yana shinshinawa, sai ya goga kumatunsa a ƙafar kujera ya kwanta. Daga nan na mayar da kwanon abincinsa wurin, don ba sa son fesawa a inda suke ci.

Amma fa ba ruwan kaɗai ya yi aikin ba. Wani baƙin muzuru ne na unguwa yake hawa katangarmu da asuba ya zauna saitin taga, Toka na ciki yana kallonsa yana gurnani. Na manna takarda a rabin gilashin na ƙasa, na hana yara zubar da ƙashin kifi a bayan gida, na ƙara masa kwanon yashi na biyu, irin wanda yake fitsari da kashi a ciki, a lungu mai shiru. Ƙa'idar ita ce kwano ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya a kai, a riƙa kwashewa kullum. Ki duba me ya canza a gidanki: sabuwar kyanwa, jariri, baƙi, ko sababbin kujeru. Kuma don Allah kada a doke shi, kada a tura hancinsa a ciki. Sau da yawa tsoro ne ke sa muzuru farawa, duka ƙara masa zai yi.

Turaren soket kuwa, ban ce ba ya aiki ba. Kwaikwayon ƙamshin da kyanwa ke bari ne idan ta goga kumatu, don hankalinta ya kwanta, kwalba ɗaya kwana 30 take yi, kuma sai yana cikin wuta dare da rana. A gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, kuɗina kawai ya ci. In kina da sola, ki ƙara shi daga baya, bayan kin wanke.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa miki, ki yi hattara da masu sayarwa a intanet. Akwai masu ɗura ruwan sabulu mai turare a tsohuwar kwalba su ce enzayim ne. Kada ki biya sai kin riƙe kwalbar a hannu, kin ga murfin ba a taɓa buɗe shi ba, kin karanta ranar lalacewa. Wasu kuma na kawo turaren soket na kasuwar Amurka, wanda aka yi don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce, ba za su gaya miki ba. Mai tallan feshin korar kyanwa da aka haɗa da man turare shi ma ki rabu da shi, da yawa cikin mayukan nan guba ne gare su. Haka duk maganin goge ƙasa da ke yin fari kamar madara in an zuba a ruwa, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Mai amoniya kuma warin fitsari yake yi masa, gayyata ce.

In ba ki samu na gaske ba, ki dama garin wanki wanda aka rubuta yana da enzayim, kashi ɗaya a kashi tara na ruwan ɗumi, ki wanke, ki ɗauraye, ki bari ya bushe, sannan ki fesa ɗan sifirit na kemis ki bar shi ya sha iska kafin muzurun ya shiga. Ki fara gwadawa a gefen yadin da ba a gani.

Kafin komai dai, yau ɗin nan ki tsaya ki kalli yadda yake yi. In kin ga yana yawan zuwa yashi yana yunƙuri, yana kuka, ɗigo kawai ke fita ko akwai jini, wannan ba maganar wanki ba ce. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, tana toshewa, kuma cikin kwana biyu ko uku ana iya rasa shi. Ki ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos ko wurin likitocin dabbobi a garin Vom kusa da Jos, kuma ko kusa kada a ba shi farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.