Sharhi a kan yawon ƙafa da 'yan jagora daga bakin Madatsar Zobe zuwa saman dutse a Dutsin-Ma

A ƙarshen watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, ni da kawuna wanda ya yi ritaya daga aikin koyarwa, tare da abokan aikina biyu, muka biya wasu matasa 'yan asalin Dutsin-Ma kuɗi domin su yi mana jagora a yawon ƙafa na yini guda. A Facebook na ga tallarsu, kuma alkawarin da suka ɗauka shi ne za su bi da mu ta gefen ruwan Zobe, su ratsa da mu cikin itatuwan da ke bakin gaɓa, sannan su hau da mu ɗaya daga cikin duwatsun da garin ya yi suna da su. Mun bar birnin Katsina bayan sallar asuba, kuma hantsi bai ɗaga ba muka isa.

Tambayar farko da na yi musu tun a waya ita ce ta tsaro, domin babu wani Bakatsine da zai ji an ambaci wannan yanki, mai maƙwabtaka da Safana da Ɗanmusa da kuma hanyoyin da ke kaiwa dajin Rugu, bai yi tunanin 'yan bindiga ba. Ba su yi mini rufa-rufa ba. Sun gaya mini cewa ba sa fita sai sun tuntuɓi mai unguwa da 'yan sintiri a safiyar ranar, ba sa nisa da inda masunta da manoman rani suke aiki, kuma kafin la'asar kowa ya koma cikin gari. Haka kuwa aka yi, kuma wannan gaskiyar tasu ce ta sa na yarda na ɗauko dattijo na tafi da shi.

Madatsar Zobe tana kan kogin Karaɗuwa, an kammala gina ta a 1983, kuma tsawon bangonta ya haura kilomita biyu da rabi. Shekaru da yawa ruwan yana kwance ba tare da garuruwan da aka yi shi dominsu sun amfana da shi yadda ya kamata ba, har zuwa 2021 lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin samar da ruwan sha daga cikinta. Kawu ya san duk wannan, amma bai taɓa tsayawa a bakin ruwan ba, kuma na ga yadda ya yi shiru yana kallon yadda hazo ya shafe ɗaya gaɓar har ruwan ya zama kamar ba shi da iyaka.

Ya kamata wanda zai je ya sani tun daga gida cewa babu wata hanya da aka share domin masu yawon buɗe ido. Babu allo, babu alama, babu wurin zama. Turbar da muka bi ta masunta ce da makiyaya masu kai shanu shan ruwa, tana rabuwa gida biyu ko uku ba tare da baƙo ya gane dalili ba, wani wurin kuma ta ɓace cikin laka inda ruwa ya janye. Saboda haka jagoran shi ne dukan abin da mutum ya biya kuɗi a kansa, kuma a nan ne babban cikinsu, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya burge ni ƙwarai.

Ya san itatuwan wurin kamar yadda mutum ya san mutanen gidansu. Ya nuna mana marke da ƙirya da kanya da tsamiya, ya kakkaɓo mana magarya, ya kuma tsayar da mu a gindin wani katafaren gawo da ya yi kore shar a daidai lokacin da sauran itatuwa suke zubar da ganye. Ya bayyana mana cewa gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. A ƙarƙashinsa ƙasa ta yi baƙi da kashin tumaki, ga 'ya'yan gawon a murɗe, masu launin ruwan goro, a warwatse. Kawu ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannunsa, ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan?" Saurayin ya rusuna ya ce, "Baba, a wurin kakana na ji, shi ba ya bari a sare gawo a gonarsa." Daga can kuma muka ga kututturen wasu manyan itatuwa da aka sare domin yin gawayi, kuma bai ɓoye mana ɓacin ransa a kan haka ba.

A bakin ruwan mun tarar da masunta sun jawo kwale-kwale suna zazzage karfasa da tarwaɗa daga koma, balbelu na jira a gefe, kirinjijiya kuma na tashi garke-garke da kukan nan nasu mai kama da fito. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya tuɓe takalmi zai shiga ruwan, jagoran ya hana shi cikin ladabi, ya nuna masa ƙananan dodon koɗi a jikin ciyawar gaɓa, ya ce irin wannan ruwa mai kwanciya shi ne matattarar tsargiya, wadda ke shiga ta fata har mutum ya riƙa fitsarin jini. Wannan gargaɗi kaɗai ya isa ya biya kuɗin da muka bayar.

Inda suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce, shi ne tsarin lokaci. Sun fara da bakin ruwa, inda akwai inuwa da iska mai sanyi, suka bar hawan dutse sai da rana ta take tsaka, bayan mun koma cikin gari a mota mun yi azahar. Falalen dutse yana shan zafi ko da a cikin hunturu ne, kuma da na dafa shi da hannu a wani gangare sai da na janye da sauri. Ba a gaya mana irin takalmin da ya dace ba, don haka kawu ya zo da takalmi mai sulɓin ƙasa, kuma a wani wuri da ɓawon dutsen ya ɓare ya bar tsakuwa, santsi ya kwashe shi ya kuje a gwiwa. Babu akwatin magani a hannunsu, ko auduga da filasta, ruwan leda da suka ɗauko kuma ya ƙare tun kafin mu kai rabin hawan. Da rawaninsa muka ɗaure ciwon. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci, domin da faɗuwar ta zo a kusa da bakin da dutsen ya yanke tsaye, da labarin ya sha bamban.

Duk da haka kawu ya ƙi a mayar da shi ƙasa, kuma biyu daga cikin matasan suka riƙe shi hagu da dama, suna sa masa ƙafa a inda ya kamata, har muka kai sama. Daga can ana hango garin baki ɗaya, da rufin kwanon gidaje, da itatuwan bedi a jere bakin titi, da gonakin da aka girbe an jingine karan dawa. A nan jagoran ya ba mu labarin da mutanen garin ke bayarwa, cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a wurin, shi ya sa ake cewa Dutsin-Ma.

Da muka sauko na kira babbansu gefe na gaya masa abin da na gani: a fara da dutse tun da sanyin safiya a ƙare da bakin ruwa, a gaya wa mutane su zo da takalmi mai roba mai kama ƙasa, a ninka ruwan sha, a tanadi kayan ɗaure ciwo, a kuma tambayi shekarun kowa da lafiyarsa kafin a karɓi kuɗinsa. Bai yi gardama ba, ya ba da haƙuri, ya rubuta komai a wayarsa. Zan iya tura matashi mai lafiya wurinsu a yanzu, amma dattijo ko yaro sai an tabbatar sun gyara waɗannan abubuwa. Kawu kuwa ya ce in sanar da shi idan ruwa ya sauka shamuwa ta dawo, domin yana so ya koma gindin gawon nan ya gan shi a lokacin da ya zubar da ganye.